Binciken Ingancin Hidima a Ma'aikatun Gwamnati da Hanyoyin Kyautata Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim.



GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirya laccoci na wannan jami'a da ya ba ni damar tsayawa gabanku a yau. Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ma'aikata za ta binciki hidimar da take yi wa jama'a, ta gane inda take da rauni, sa'an nan ta gyara. Zan tsaya a kan ma'aikatun gwamnatin Nijeriya, domin yawancin waɗanda ke cikin wannan zaure ko dai a can suke aiki, ko kuwa can suke fatan zuwa in sun gama karatu.

A kowace shekara ma'aikatunmu sukan karɓi baƙuncin masu binciken kuɗi, watau oditoci. Sukan buɗe littattafai, su gwada bauca da rasit, su ƙirga kujeru da tebura, su rubuta rahoto. Wannan aiki wajibi ne, har ma tsarin mulki na 1999 ya tanade shi: sashe na 85 ya kafa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, sashe na 125 kuma ya kafa na kowace jiha. To, amma akwai tambayar da littafin akanta ba ya amsawa. Asibiti yana iya kashe kowace naira bisa ƙa'ida, baucarsa ta cika, rasit ɗinsa ya cika, amma mara lafiya ya zo da asuba ya koma gida da la'asar bai ga likita ba. A idon odita wannan asibiti ba shi da laifi. A idon mara lafiya kuwa, da shi da babu duk ɗaya.

Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca abu biyu ne masu haɗe da juna. Na farko, hidima ana auna ta ne daga inda mai karɓarta yake tsaye, a bakin kanta ko a kan layi. Na biyu, binciken da bai kai ga sauya yadda ake gudanar da aiki ba, asarar takarda ce kawai.

1. MA'ANAR HIDIMA DA BINCIKENTA

Hidima ta bambanta da kaya. In masaƙa ta saƙa yadi, ana iya duba shi kafin ya fita, in an ga aibi a ware shi gefe. Hidima kuwa ana yin ta ne a daidai lokacin da ake karɓarta. In akawu ya daka wa tsoho tsawa, ko ya ce masa ya dawo gobe alhali aikin na minti biyar ne, an riga an yi, ba a mayar da shi a gyara. Saboda haka binciken hidima ya fi binciken kaya wuya, kuma ya fi shi bukatar a je a gani da ido.

A shekarun 1985 da 1988 wasu malamai uku a Amurka, Parasuraman da Zeithaml da Berry, sun fitar da wata hanya ta auna ingancin hidima wadda ta shahara ƙwarai. Gundarin ra'ayinsu shi ne, inganci tazara ce tsakanin abin da mutum ya zo yana tsammani da abin da ya ga an yi masa. In tazarar ta yi faɗi, hidima ta lalace, ko da ginin ofis sabo ne. Sun kuma nuna cewa wannan tazara tana farawa ne tun daga sama, a lokacin da shugabanni suka kasa sanin abin da jama'a suke bukata, ko suka sani amma ba su mayar da shi ƙa'idar aiki ba, ko suka yi alkawarin da ba su ba ma'aikata kayan cika shi ba.

Masu binciken kuɗin gwamnati a duniya su ma sun yarda aikinsu iri uku ne: duba gaskiyar lissafi, duba bin doka, da duba amfanin abin da aka kashe. Na ukun nan shi ne ya shafe mu. Yana tambaya ko an sayi kayan aiki da tattali, ko an sami aiki gwargwadon abin da aka zuba, ko kuma an cim ma abin da aka nufa tun farko. A ƙasarmu an fi ba na farko da na biyu ƙarfi, na ukun kuwa har yanzu rarrafe yake yi.

2. ABIN BA BAƘO BA NE

Kada ɗalibai su ɗauka wannan ilmi jiya ya zo mana daga Turai. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, yakan rubuta dukiyar gwamna a lokacin naɗa shi domin a gwada daga baya, yana da wakili, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yakan aika ya binciki ƙarar da aka kawo a kan gwamnoni, kuma yakan tara su a lokacin aikin hajji talakawa su faɗi kukansu a gabansu. A nan ƙasar Hausa, Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafin nasiha a kan sha'anin mulki, kuma abin da ya yi ta nanata masa shi ne haɗarin mai mulki ya shige bayan labule talakawa su kasa kai gare shi.

A zamanin En'e ma iyayenmu sun san rangadi, sun san mufattishi da ke shiga aji ba sanarwa ya duba littafin yaro, sun san duba-gari da ke leƙa randa da kwata, sun san sarkin kasuwa da ke gwada mudu. Ba ina cewa waɗannan tsare-tsare ba su da zalunci a cikinsu ba, domin tsofaffi suna da labarai masu ɗaci game da duba-gari da masu karɓar haraji. Abin lura dai shi ne, dukkansu suna zuwa wurin da ake aikin. Gani ya kori ji.

3. ABIN DA NIJERIYA TA GWADA

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar duba aikin gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974. Rahoton ya ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da ma'aikata da sakamakon aiki: a sa buri a fili, a tsara kasafi bisa ayyukan da za a yi, a kuma bar rahoton sirri da shugaba ke rubutawa a kan na ƙasa da shi, a koma wanda ma'aikaci zai gani ya sa hannu. Ya kuma kawo matakan albashi daga na 1 zuwa na 17. Amma tambayi kowane dattijo abin da ya tuna da Udoji, zai ce maka ƙarin albashi da ariyas, da babura da rediyo da aka saya. An ɗauki ɓangaren kuɗi da gaggawa, ɓangaren auna aiki kuwa aka yi masa riƙon sakainar kashi, kuma a 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100.

A wannan shekara ta 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci, ko lalaci, ko rashin lafiya, ko tsufa. Jama'a sun yi murna, an kuma ga mutane suna zuwa ofis da wuri na ɗan lokaci. Sai dai an kori da yawa ba tare da an saurare su ba, kuma masana da dama suna ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina jin cewa kujerarsa tabbatacciya ce, ya shiga tanadin ranar da za a ce ya tafi. An kori mutane, amma hanyar da fayil ke bi tana nan yadda take. Abin alherin da ya fito a shekarar shi ne Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda doka ta 31 ta 1975 ta kafa, kuma marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya shugabance ta a farkonta.

Sai a 2004 aka sami yunƙurin da ya fuskanci hidima kai tsaye. Bayan wani rahoto da ya nuna yadda talaka ke wahala kafin ya sami abin da yake haƙƙinsa ne, Shugaba Olusegun Obasanjo da ministocinsa suka yi taro, a ranar 21 ga Maris, 2004, suka ɗauki alkawarin hidima ga 'yan Nijeriya, wanda aka sani da SERVICOM. Wannan ya yi kama da abin da Firayim Minista John Major ya kawo a Ingila a 1991. An umarci kowace ma'aikata ta rubuta takardar alkawari, ta bayyana hidimar da take yi, da kuɗinta, da tsawon lokacinta, da inda mutum zai kai kuka, ta kuma buɗe sashe mai kula da wannan. Aka fito da ma'auni mai rukuni biyar: isar da hidimar kanta kashi 30, kiyaye lokaci kashi 24, ba da bayani kashi 18, ƙwarewa kashi 16, halin ma'aikata kashi 12. Ku lura da wannan rabo. Fara'a tana da maki, amma samun abin da aka zo nema da samunsa a kan lokaci sun kwashe fiye da rabi. Raunin tsarin shi ne an kafa shi da shawarar majalisar zartarwa, ba da dokar majalisa ba, don haka ofishin yana iya aunawa ya ba da shawara, amma tilastawa ta fi ƙarfinsa.

A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni na 1 na shugaban ƙasa, wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya su wallafa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowace hidima, ya kuma ce in wa'adi ya cika ba a ba mai nema amsa ba, to, a ɗauka an amince masa. A 2023 aka shigar da wannan cikin dokar sauƙaƙa kasuwanci. Kun ga ke nan ba dokoki muka rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zuwa ya duba ko ana bin su, da mai gyarawa in an duba.

4. YADDA AKE BINCIKEN HIDIMA

Yanzu bari mu sauko ga aikin kansa. Ya Shugaba, a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ma'aikaci zai sami abin da zai koma da shi ofis.

Mataki na farko shi ne kafa ƙa'ida. Ba a cewa mudu ya yi ƙanƙanta sai da mudun gwaji. In ma'aikata ba ta taɓa faɗin kwana nawa takardar shaidar mallakar fili za ta ɗauka ba, to, wata uku ba jinkiri ba ne, shekara uku ma ba jinkiri ba ne. Ƙa'ida mai amfani ita ce wadda ke da adadi, wadda mai jira zai iya ƙirgawa da kansa: za a ba ka kati cikin minti 30, za a amsa wasiƙarka cikin kwana 7. Kalmomi irin su "cikin hanzari" ko "ba tare da ɓata lokaci ba" ba a iya bincikensu. Kuma wajibi ne a tambayi masu zuwa neman hidimar kafin a rubuta ƙa'idar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na biyu shi ne bin sawun fayil. Mu ƙaddara malamin firamare ne ya yi ritaya yana neman garatutinsa. Takardunsa za su tashi daga hedimasta zuwa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar ilmin firamare ta jiha, zuwa ofishin odita, zuwa hukumar fansho, kuma a kowane ofis akwai tebura da yawa. Mai bincike zai shiga rajista ya zaro fayiloli, a ce 50, da hannunsa. Kada ya yarda a zaɓo masa, domin wanda aka zaɓo maka mai kyau ne. A kowane fayil sai ya rubuta ranar da ya shiga kowane tebur da ranar da ya fita, sa'an nan ya raba lokacin gida biyu: lokacin da wani yake aiki a kan fayil ɗin, da lokacin da fayil ɗin yake kwance yana jira. Abin da akan tarar shi ne, aikin kansa sa'o'i ne, jiran kuwa watanni. Daga nan sai a tambayi kowane tebur: me kake ƙarawa wanda na gabanka bai yi ba? Za a sami teburin da aikinsa kawai ya rubuta "a duba" ya tura gaba. Za a sami sa hannun da aka ƙirƙiro shekaru da yawa saboda wata matsala da ta riga ta wuce. Har wa yau kada mai bincike ya tsaya ga matsakaicin lissafi. Ya ware fayiloli goma mafi daɗewa ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu ne cutar take.

Mataki na uku shi ne ziyarar ba-zata. Ofishin da aka sanar da shi zuwan baƙi zai yi shara, ya yi fenti, kowa ya zo da wuri. A wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka yi da haɗin gwiwar Bankin Duniya a ƙasashe shida, watau Bangaladash, Ekwado, Indiya, Indunusiya, Peru da Yuganda, masu bincike sun riƙa faɗawa makarantun firamare da ƙananan asibitoci ba sanarwa. Sun tarar kimanin kashi 19 cikin 100 na malamai da kashi 35 cikin 100 na ma'aikatan lafiya ba sa wurin aiki. Rajistar zuwa aiki ba za ta taɓa nuna wannan ba, domin akwai mai sa wa abokinsa hannu. Wani nau'in wannan mataki shi ne a tura mutum ya shiga layi kamar kowa, da tufafin talaka, ya nemi hidimar, ya dawo ya faɗi abin da ya gani: sau nawa aka mayar da shi, wa ya nemi na goro, ko akwai wurin zama da ruwan sha da makewayi.

Mataki na huɗu shi ne tambayar jama'a. A birnin Bangalor na Indiya, wajen 1994, wani masani mai suna Samuel Paul ya jagoranci bin gidaje ana tambayar mutane yadda suka ga hukumar ruwa, da ta lantarki, da asibitoci, da sauransu, aka ba kowace hukuma maki kamar yadda ake ba ɗan makaranta, aka buga a jaridu. An maimaita a 1999 da 2003, kuma an ga gamsuwar jama'a ta ƙaru ƙwarai. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da wani ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka yi hulɗa da jami'in gwamnati sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar, kuma neman a hanzarta aiki yana sahun gaba cikin dalilan bayarwa. Wannan ya nuna jinkiri da cin hanci ɗan juma ne da ɗan jummai. Duk inda fayil ke kwana, nan kasuwa take buɗewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wajen tambayar jama'a a kula da harshe da kuma wanda ake tambaya. Fom da Turanci a akwatin da ke gaban ofishin darakta ba zai kawo muryar tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba. A tambaye ta da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, a wajen ginin, inda ba ta tsoron wanda ya yi mata aiki yana ji. Kuma ma'aikatar da ta ce ba ta sami ƙorafi ko ɗaya ba a shekara, a fara bincikenta kafin kowa, domin galibi ma'anarsa jama'a sun fid da rai.

Mataki na biyar shi ne bin kuɗi har inda aka nufa da su. A 1996 aka bi sawun kuɗin da gwamnatin Yuganda ke aika wa makarantun firamare domin kayan aiki, aka tarar daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun, saura yana maƙalewa a hanya. Sai gwamnati ta shiga buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin 100. Mu ma mun ga irin wannan a watan Fabrairu na 2016, lokacin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga takardar albashi, abin da ya rage kashe kimanin naira biliyan 2.29 a kowane wata.

Sharaɗi ɗaya ya game waɗannan matakai duka: mai bincike kada ya zama yana da hannu a aikin da yake bincika, kuma rahotonsa ya tafi kai tsaye ga shugaban ma'aikata. Ƙa'idar ingancin aiki ta duniya da ake kira ISO 9001, wadda ta fara fitowa a 1987, ta wajabta wa duk mai riƙe da shaidarta ya riƙa binciken kansa lokaci lokaci bisa wannan sharaɗi. Laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani.

5. DAGA BINCIKE ZUWA GYARA

In rahoto ya fito, abin da shugaba yakan fara yi shi ne neman wanda za a ba takardar neman bahasi. A nan ya kamata mu saurari W. Edwards Deming, Ba'amurken da ya je Japan a 1950 ya koyar da shugabannin masana'antu, har suka kafa lambar yabo da sunansa a 1951. Ra'ayinsa shi ne, mafi yawan kurakuran da ake gani a wurin aiki daga tsari suke fitowa, tsari kuwa a hannun shugabanni yake. Akawun da aka ba tebur ɗaya da mutum 200 a layi, ba fom, ba lantarki, albashinsa bai zo ba, in ka cire shi ka sa wani, bayan wata ɗaya sabon zai zama kamar tsohon. Wannan ba ya nufin a ƙyale ɓarawo ko malalaci. A hukunta shi bisa ƙa'ida, bayan an saurare shi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma darasin 1975 yana gabanmu.

Akwai kuma wata illa. In ma'aikata suka gane cewa bincike farautar mai laifi ne, za su ɓoye gaskiya, fayiloli su ɓace, lissafi ya gyaru a takarda. In kuwa suka ga ana tambayarsu shawara, to, masinja da akawun rajista sun fi babban sakatare sanin inda fayil ke kwana da dalilin kwanansa.

Hanyar gyara da Deming ya yaɗa zagaye ce mai zango huɗu: a shirya, a gwada a ƙaramin wuri, a duba sakamako, sa'an nan a tabbatar ko a sake shiri. Alal misali, in an gano tebura uku ba su da amfani a hanyar fayil ɗin garatuti, a cire su a ƙaramar hukuma ɗaya na wata uku, a sake ƙirga kwanaki. In an ga sauƙi ba tare da kuskure ya ƙaru ba, a yaɗa. Haka kuma kada a yi gaggawar sayen kwamfuta kafin a gyara hanya, domin in aka ɗora karkatacciyar hanya a kan na'ura, an sami karkatacciyar hanya mai tsada ke nan.

Kowace shawara da ke cikin rahoto a rubuta mata abu uku a gabanta: sunan muƙamin da zai aiwatar, ranar gamawa, da abin da za a kashe. Bayan wata shida mai bincike ya koma ya duba. Sa'an nan a liƙa sakamakon a inda jama'a ke jira, kamar yadda aka yi a Yuganda. Rahoton da aka kulle a kabad ba ya gyara komai.

6. TARKON ADADI

Wajibi ne in yi gargaɗi guda. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura a 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake saka wa mutum ko a hukunta shi a kansa. Ingila ta ga haka a asibitocinta. A 2004 aka wajabta cewa kashi 98 cikin 100 na masu zuwa sashen gaggawa a gama da su cikin awa 4. Jira ya ragu da gaske, amma an sami rahotannin wuraren da ake barin mara lafiya cikin motar asibiti a waje, domin agogo ba ya fara ƙirga sai ya shigo. A asibitin Stafford kuwa, binciken da Robert Francis ya jagoranta, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a 2013, ya nuna yadda shugabanni suka duƙufa kan cika adadi da daidaita kasafi, marasa lafiya kuwa suna cikin wulaƙanci.

Mu ma in aka ce za a auna ofis da yawan fayilolin da ya rufe, za a rufe masu sauƙi a bar na marayu da gwauraye masu wuya. Maganin wannan shi ne kada a dogara ga ma'auni ɗaya. A haɗa adadi da ziyarar ba-zata, a haɗa ziyara da bakin jama'a. In ukun suka saɓa, to, bakin jama'a ne abin fara bi.

KAMMALAWA

Ya Shugaba, jama'a masu sauraro, na yi ƙoƙarin nuna cewa binciken kuɗi, duk da wajabcinsa, ba ya gaya mana ko an biya wa talaka bukatarsa. Cewa daga 1974 zuwa 2023 ƙasar nan ta tara rahotanni da dokoki masu kyau. Kuma cewa abin da ya rage shi ne a sa ƙa'ida mai adadi, a bi sawun fayil, a je ba sanarwa, a tambayi jama'a, a bi kuɗi, sa'an nan a gyara tsari a koma a duba.

Ga ma'aikata, ba sai an jira umarni daga Abuja ba. Duk mai shugabancin sashe, ko da na mutum biyar ne, yana iya zaro fayiloli 20 a makon gobe ya ƙirga kwanakinsu, ya liƙa wa'adin aiki a ƙofarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga ɗalibai kuwa, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, ga fili nan a buɗe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman bayani daga ma'aikatun tarayya, ta kuma ba su kwana 7 su amsa. Ku auna jira a asibitin garinku, ku auna shi a ofishin jarrabawa na jami'arku, ku kai wa masu abin sakamakon cikin ladabi. Gobe ku ne za ku zauna a bayan waɗannan tebura, kuma wanda zai tsaya a gabanku da fayil a hannu yana iya zama malamin da ya koya muku karatu.

Aikin gwamnati amana ce, albashin da ake biyanmu kuwa daga dukiyar mai jiran nan yake fitowa. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da muka ɗauka.